Ranar da Na Gyara Birki da Hannuna

Motata akwai gudu, amma birkinta ya yi laushi kamar burodi. Buba bakanike ya ce in kawo, na ce haba, ni da na kalli bidiyo har uku? Na sauya plaket, wato takalman birkin, da hannuna, ina fito.

Ashe sai an tattaka birki ya yi tauri kafin a motsa. A gangaren unguwar Briqueterie na taka, ƙafata ta nutse har ƙasa. Ina salati motar ta shige teburin mai tsire, a gaban surukina.

"Sannu da aiki, injiniya," in ji surukin nawa, yana kakkaɓe yaji daga rigarsa.

Na rabu da motar, sunan bai rabu da ni ba. Yau ko a ƙafa na ɓullo, masu tsire sai su ɗaga faranti: "A kawar da nama, ga injiniya nan!"