Ranar da Wandona Ya Ƙi Gaida Baba

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da Malam Haladu ya zo garinmu Gazara ta ƙasar Maƙarfi ba. Shi yake koya mana Turanci a jami'a a Zariya, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, tun bai zama farfesa ba. In yana karanta mana waƙen Turawa sai ka rantse a Landan aka yanke masa cibiya. Kuma shi zai zaɓi ɗalibin da za a tura Ingila ƙaro ilimi. Ni kuwa na ƙwallafa rai.

Da ya ce zai zo ganin yadda ake dafa mazarƙwaila, na ce yawwa, ranar nuna wayewa ta zo. Na aro kwat da wando wurin wani abokina (shi siriri ne kamar sillen kara, ni kuwa tuwon dawa ya karɓe ni). Na shaƙe wuya da laktaye, na tsaya ƙofar gida rana tana gasa ni.

Sai ga Malam ya sauko daga mota cikin babbar riga. Yana hango Baba a zaure ya tuɓe takalmi, ya zube ƙasa.

"Barka da hutawa, Baba. Mun same ku lafiya? Yaya aikin rake?"

Ni ina tsaye ƙiƙam. Baba ya ɗago ya yi mini irin kallon nan nasa. Na yi wuf na durƙusa.

Ƙyaat! Wandon nan ya dare daga baya har gaba, a kan idon Baba da liman da dattawan unguwa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya ce, "To Bature, tashi ka kawo wa baƙo ruwa mana."

Ina zan iya!

Malam ko murmushi bai yi ba. Ya cire babbar rigarsa ya yafa mini, ya ce, "Baba, zafi ya dame ni, bari ɗanku ya riƙe mini." Ya zauna daga shi sai 'yar ciki, ya ci gaba da hirar rake.

A hanyar komawa Zariya cikin motar Malam, na san Ingila ta wuce ni. Muna barin Maƙarfi ya ce, "Ai tuni na ba da sunanka. Amma ka nemi tela kafin ka tafi."

Rigar bai taɓa yarda ya karɓa ba. Ran da aka gaya mini rasuwarsa na ɗauko ta, na yi kuka sosai. Allah ya jiƙan Malam. Har yau in tela ya ɗinka mini wando, sai na durƙusa a gabansa tukuna.