Yadda Ake Bikin Bakin Teku da Kujera Arba'in

Ke uwar biki, matso kusa. In 'yarki ta ga amaren cikin waya tsaye a kan yashi, farin mayafi yana kaɗawa, ta ce ita ma sai a bakin Bahar Maliya za a yi nata, kada ki ɗora hannu a ka. Bi matakan nan shida, na yi miki alkawari za a yi biki a tashi lafiya, a shafe wata guda ana zancensa a unguwannin Jidda, daga Ruwais har Waziriyya. Ni Sadiyya na gwada su a bikin Tahani, 'yar yayata marigayiya, ga ni kuwa da raina.

1. Nemi wuri mai katanga

Maza su je masallaci su ɗaura aurensu, wannan ba ciwon kanki ba ne. Ke ki nufi Abhur, can bakin tekun Jidda, ki kama istiraha, irin gidan hayar nan mai ƙofa ɗaya da ɗan bakin ruwa nasa. Mai wurin zai ce mutum arba'in kawai yake ɗauka, kuma mai gadi zai tsaya da takardar sunaye. Ki ce masa arba'in ma sun yi yawa. Ki faɗa ido cikin ido, kamar ba daga gidan da sunan jariri ke toshe layi biyu kika fito ba.

2. Rubuta sunaye, sannan ki soke

Za ki fara da mutum ɗari uku. Kada ki tsorata. Soke duk wadda ba ta zo gaisuwar rasuwa ba. Soke wadda ta zo amma ta tafi da kwanonki. Soke masu 'yan rakiya, domin Bahaushiya ba ta zuwa biki ita kaɗai, sai da ƙanwa da maƙwabciya da baƙuwar da ta zo umara. Dangin ango ba a taɓa su, sai dai a harare su a zuci.

In kika tsaya a arba'in da ɗaya, kamar yadda na tsaya saboda mai ɗaukar hoto, ki nemi wadda ba jini ba.

Ni tawa Inna Turai ce, tsohuwar maƙwabciyar yayata a Waziriyya. Ita ta goyi Tahani shekara uku lokacin da uwar take fita aiki, a cinyarta kuma yarinyar ta yi kuka ranar da uwar ta rasu. Amma dai ba jini ba ce, ga ciwon gwiwa, yashi kuwa bai san tsoho ba. Na ja layi a kan sunanta, na ce don lafiyarta na yi. Amarya ba ta sani ba, in kuwa ta sani ba za ta sake kirana Khala, wato ƙanwar uwa, ba. Saboda haka ki ɓoye takardar a jakar da ba mai buɗewa sai ke.

3. Yi sulhu da iska

Ba za ki ci galaba a kanta ba. Ki gaya wa mata su ɗaure mayafi da allura biyar, su bar takalmi mai tsini a gida, don na ga mace da darajarta ta nutse har idon sawu tana cikin gaisawa da surukarta. Kwalliya kuwa gumin Jidda zai wanke ta kafin a kawo shinkafa. In baƙuwa ta tauna yashi a cikin shinkafar kabsa, ki ce mata sabon kayan yaji ne.

4. Samo turaren amarya

Amarya ba ta tarewa ba turaren wuta da humra, kuma duk faɗin Jidda babu mai haɗa su kamar wadda kika soke. Ki je wurinta, amma kada ki ambaci rana.

"Inna, turaren Tahani muke so," na ce mata.

"Tun watan jiya na jiƙa itacen. Yaushe ne?"

"Alhamis," bakina ya suɓuce. "Amma ɗan taro ne, Inna, can Abhur, wajen nisa. Ko kati ba a buga ba."

"Kati? Ni da 'yata? Yalla, sha shayinki kafin ya huce."

Ga abin da masana irina suke mantawa: tsohuwar da ta goyi amarya ba ta jiran gayyata, don haka rashin gayyatar bai gaya mata komai ba. A nan ya kamata ki buɗe baki ki faɗi gaskiya. Kada ki faɗa. Ki sha shayin ki tashi, ki ce wa kanki ba za ta iya hanyar ba.

5. Tsaya a bakin ƙofa

Ranar biki bayan la'asar ki tsaya kusa da mai gadi, kina murmushi kina ƙirga kawuna. Za ki kori 'yan gayyar soɗi bakwai ba tare da sun gane an kore su ba. Sai tasi ta tsaya, Inna Turai ta fito ita kaɗai, da sabuwar abaya wadda ninkinta bai ma sake ba, rungume da kasko a cikin tsumma.

"Ismik, ya hajja?" in ji mai gadi, yana tambayar sunanta.

"Turai."

Ya bi takardar da yatsa har ƙasa, ya sake bi. "Ma fi. Arba'in, halas." Wato babu sunanta, arba'in sun cika.

Ta dubi takardar, ta dube ni. Da ta yi faɗa da na ji sauƙi. Sai ta miƙo mini kaskon.

"Riƙe, 'yar nan. Ki sa mata a ƙarƙashin zane, ki kare da jikinki, iskar nan za ta kwashe ƙamshin."

Ta juya tana ɗaga wa mai tasi hannu. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na kama hannunta, na ce wa mai gadi tsufa ne ya ruɗa ta, sunanta na katin zama, wato iƙama, Sadiyya ne, ga shi nan na farko a takarda. Ya tambaye ni ni kuma wace ce. Na ce ni rakiyar kasko na yi. Ta shiga da kaskonta, ni aka bar ni a waje.

6. More bikinki

Daga bayan katanga ake jin guɗa da kyau, na tabbatar miki. Ki nemi dutse mai faɗi ki zauna da leshinki. Duk lokacin da amarya ta turo saƙo, "Khala, kina ina?", ki rubuta mata kina wajen masu abinci.

Rana ba ta kai ga faɗuwa ba Inna Turai ta fito tana dafa bango, ƙamshi na biye da ita.

"Tashi ki shiga, na gama nawa. Na turara ta, na yi mata addu'a."

"Inna, ki yafe..."

"Ta rungume ni ta ce ta san Khalarta ba za ta bari a yi ba ni ba. Na ce mata haka ne. Ke ma haka za ki ce."

Gargaɗi

Duk wadda ta bi matakan nan, babu ruwana da mayafin da ya faɗa teku, ko takalmin da yashi ya ci, ko dangin da suka daina amsa sallama. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Mataki na biyu musamman, alƙalami naki ne, hannu naki. Ni har yau in na je Waziriyya, Inna Turai da fara'a take tarbata, ba ta taɓa ɗaga zancen ba ko sau ɗaya, kuma wannan kam ban san matakin da ake bi a warke ba.