Ina Birki?

Laifin canal ɗin Birmingham ne, wata hanyar ruwa da aka haƙa. Sau ɗaya na taɓa tuƙa jirgin haya a cikinsa, ruwa kwance kamar na randa, tun daga ranar nake ganin kaina gogaggen matuƙi.

Da muka je hutu gaɓar tekun Zanzibar ni da matata Hadiza, wani dattijo masunci ya ɗauke mu a ƙaramin jirginsa na katako, irin mai ƙyalle da iska ke turawa. Na yi masa nuni ya ba ni sandar tuƙin. Hadiza ta ce, "Baban Amira, don Allah ka zauna." Na ce, "Relax, aikina ne."

Ko minti biyar ban yi ba iska ta juya. Jirgin ya karkace, ruwa ya fara shigowa, ga wasu baƙaƙen duwatsu muna dosarsu gadan-gadan. Na ja sandar, na tura, ko gezau. Hadiza ta ƙanƙame gefen jirgi tana salati, daga ni har ita babu mai iya iyo. Ni kuwa, likita guda, sai taka katako nake da ƙafar dama ina ihu da Hausa: "Baba, ina birki? Ina birkin yake?"

Dattijon bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya miƙa hannu ya kwance wata igiya, ƙyallen ya saki, jirgi ya lafa.

Na roƙi Hadiza ta rufa min asiri, amma labari ya riga mu isa gida Manchester. Shekara uku ke nan, ko parking nake a ƙofar masallacinmu na Old Trafford sai wani ya leƙo ta taga: "Dakta, a hankali dai. Ka samu birkin?"