Kwana Ukun 'Yar Rimbiya

A Dajin Kwargaba kowace dabba ta san matsayinta, kuma da yawan ruwan da aka yarda ta sha ake auna shi. Toron Giwa ne Sarki, shi yake fara sha. Dila ne Waziri, shi yake yi wa jama'a bayanin dalilin da ya sa abin da ya rage bai isa ba. Sauran dabbobi suna bin layi, suna godiya.

A da dajin yana da idanun ruwa fiye da ɗari, kowannensu kuma aikin rimbiya ne.

Rimbiya halitta ce mai girman barewa, gashinta launin toka, tana da fukafukai biyu masu faɗi waɗanda ba sa tashi da ita sama. Inuwa kawai suke yi. Babu namiji a cikinsu. Idan rimbiya ta cika shekara talatin, sai ta haɗiyi ƙanƙarar farkon damina, ta tafi inda ƙasa ta fi bushewa, ta saka ƙwai mai launin shuni da nauyin dutsen niƙa. Kwana arba'in take tsaye a kansa, fukafukai a buɗe. In 'yar ta fito, uwar ba ta ba ta ko ɗigon ruwa har kwana uku. A rana ta uku ƙishirwa take fizgo wani kuka daga ƙirjin jaririyar, kukan da ƙasa ba ta iya jurewa, sai ta tsage, ruwa ya ɓuɓɓugo. In kuwa ruwa ya taɓa harshenta kafin lokacin, hanyar kukan ta toshe ke nan har abada. Za ta yi magana, za ta yi dariya, amma ba za ta taɓa tsaga ƙasa ba.

A shekara ta biyu ta sarautarsa, Toron Giwa ya lura cewa idanun ruwa a wurare marasa daraja suke fitowa, inda gafiya da damo suke sha ba tare da sun gode wa kowa ba. Majalisa ta zauna ta yanke cewa duk ƙwan rimbiya a fada za a ƙyanƙyashe shi, domin ruwa ya fito a inda ya dace. Aka naɗa Jimina Uwar Reno, tunda ita ce ta fi kowa girman ƙwai. Iyaye mata suka taru a bakin ƙofa suka yi bayanin kwana ukun. Aka saurare su da kyau, aka ba su dabino, aka raka su.

To, akwai wata tsohuwar doka a fadar: ba a kuka inda Sarki zai ji. Kuka yana nuna akwai abin da aka rasa a ƙasa, alhali an riga an sanar cewa babu. Saboda haka da zarar jaririya ta buɗe baki, sai Jimina ta ɗura mata ruwan sanyi da zuma. Ba a taɓa renon jarirai da kulawa irin wannan ba a tarihin dajin. Ko guda ba ta yi kuka ba. Tsofaffin rimbiyoyi suka ƙare a waje, tsofaffin idanun ruwa suka bi su ɗaya bayan ɗaya.

A wannan ɗakin reno aka ƙyanƙyashe Tabawa, cikin 'yan'uwa goma sha biyu. Ita ce ta fi su kai. Ta haddace dokokin dajin kaf, ta iya gaisuwar fada fiye da 'ya'yan Waziri, har idan baƙi suka zo akan fito da ita a ce, “Ku ji yadda take magana, kamar ba rimbiya ba.” An koya mata ta riƙa naɗe fukafukanta, domin suna cin wuri. Da suka cika talatin suka haɗiyi ƙanƙara su duka, amma a jikin Tabawa kaɗai ƙwai ya kama.

Ran nan ta fita bayan gari domin nauyin da take ji, ta iske wata tsohuwar Kififiya kwance cikin ragowar laka a gindin wani dabino.

“Ke 'yar wace ce?” in ji Kififiya.

“'Yar fada ce, Kaka.”

“Fada ba ta saka ƙwai. Matso in ga goshinki.” Ta daɗe tana kallo. “To, 'yar Delu ce. Wannan lakar da nake kwance a ciki, kukan uwarki ne. Ina nan ranar da ta yi shi, har yau kunnena na hagu bai dawo ba. Shekara bakwai tana zuwa ƙofar fada ko za ta hango ki. Dabinon da suka ba ta a nan ta zubar, ba ta ci ba. Ga shi nan yana yi miki inuwa.”

Sai ta faɗa mata zancen kwana ukun, wanda ba ya cikin karatun fada.

Kwana bakwai kafin Tabawa ta saka ƙwai aka kira majalisa. Dila ya miƙe ya gyara murya.

“Ranka ya daɗe, 'yan majalisa masu girma, yau ranar farin ciki ce. Shekara arba'in muna renon rimbiyoyi, ba mu taɓa rasa ko guda ba. Gaskiya ne ruwa bai fito ba tukuna, amma masu bincike sun gano cewa laifin na iyayen farko ne, da suka gadar wa 'ya'yansu taurin kai. Wannan ƙwan kuwa na 'yar gida ne. An tanadi tulu goma na ruwan sanyi domin ranar ƙyanƙyasa.”

Aka yi tafi. Tabawa ta nemi izinin magana, ta yi gaisuwar da aka koya mata ba tare da ta rage komai ba.

“Ranka ya daɗe, ku kuka ba ni karatu, zan yi amfani da shi sau ɗaya. An kawo muku ƙwai sittin da uku. Kun shayar da sittin da uku. Ruwa bai fito ko sau ɗaya ba. Iyayenmu sun faɗa muku dalili a bakin ƙofa, kuka biya su da dabino. Ina roƙon abu guda: a bar 'yata da ƙishirwa kwana uku, a bar ta ta yi kuka, ko da Sarki zai ji.”

Jimina ta dafe ƙirji.

“Tabawa! Ni na rene ki da zuma, yau ki tsaya gaban manya ki ce a gasa jaririya? Wa ya hure miki kunne?”

Toron Giwa bai cika magana ba, domin yawancin lokaci hancinsa yana cikin tulu. Ya ɗago ya ce, “A ƙasata babu mai ƙishirwa. Ba za a fara daga gidana ba.”

“Na ji,” in ji Tabawa. “Dokokinku ɗari biyu da goma sha ɗaya ne. Akwai wadda ta ce a kawo fada duk ƙwan da aka saka. Babu wadda ta ce mai ɗauke da shi ta zauna.”

Ta juya ta fita ta babbar ƙofa da rana tsaka. Kafin a gama neman dokar da za a tsare ta da ita, ta yi nisa. Sai majalisa ta yi abin da ta iya: ta hana kowa yi mata magana ko ba ta ruwa, ta kuma tura Ungulu ta riƙa sa ido ta kawo labarin ƙarshe.

Fakon Gishiri tafiyar kwana shida ne daga fada. Babu bishiya, babu ciyawa, ƙasa fara fat kamar an share ta. A nan ta saka ƙwan. Da ta buɗe fukafukanta a karon farko tun tana yarinya, sai da ta ji kamar za su ɓalle daga kafaɗunta. Ta bar su a buɗe. Da safe takan lashi raɓar da ta taru a gashinta, in fara ta ratso ta cafke. Wasu dabbobin sukan hango ta daga nesa su canja hanya. Inuwar Ungulu kaɗai take zagayowa kullum, ita ma ba ta sallama.

Ta so ta yi wa ƙwan waƙa, sai ta ga ba ta san ko ɗaya ba. Waƙoƙin iyayenta sun mutu a bakin ƙofar fada. Sai ta riƙa karanta masa dokoki daga ta farko zuwa ta ƙarshe, a hankali, cikin muryar lallashi. Idan ta zo kan dokar kuka, takan tsallake.

A rana ta arba'in ƙwan ya fashe. 'Yar ta fito a jiƙe, ƙafafu kamar tsinke, ta ɗaga kai ta buɗe baki tana jira. Tabawa ta gyara mata inuwa, ta kau da ido.

A rana ta biyu, da hantsi, sai ga Jimina ta iso tana haki, ɗauke da ƙwaryar ruwa da zuma. Ta karya dokar majalisa ta zo, kuma tsakani da Allah ta zo.

“Dubi leɓenta, Tabawa. Dubi yadda cikinta ke shiga yana fita. A kan maganar wa za ki kashe ta? Tsohuwar da ke kwana cikin laka? Kin taɓa ganin ƙasa ta tsage da idonki?”

“Ban taɓa gani ba, Iya.”

“To?”

“Na dai ga abin da zuma take yi. Ga ni.”

Jimina ta ajiye ƙwaryar a gabanta. “Ba zan iya kallo ba. Ga shi nan, in kin tuna ke uwa ce.” Ta juya ta tafi tana sharar hawaye, tunda a nan Sarki ba zai ji ba.

Jaririyar ta ji ƙamshin ruwa. Ta fara jan jiki, tana faɗuwa tana tashi, har ya rage taku ɗaya. Tabawa kanta harshenta ya kumbura a baki. Ta san ƙwai ɗaya gare ta, wani ba zai zo ba. Ta san in tsohuwar ta ruɗe, ko ta manta lissafin kwanakin, gobe za ta tsaya a kan gawa, kuma duk abin da aka faɗa a kanta a majalisa ya zama gaskiya. Ta sa ƙafa ta kifar da ƙwaryar. Ƙasa ta shanye ruwan nan take. 'Yar ta ɗago ta dube ta, kallon da Tabawa ba ta manta ba har tsufanta.

A rana ta uku jaririyar ta daina motsi sosai. Idanu a rufe, numfashi sama sama. Ungulu ta sauko ta zauna kusa. Tabawa ta yi tunanin ko 'yar ba ta san yadda ake kukan ba ne, tunda ba ta taɓa ji ba. Ta sunkuya, ta cika ƙirjinta da iska, ta buɗe baki da dukkan ƙarfinta domin ta nuna mata. Abin da ya fito, cikin murya mai daɗi da ladabi, shi ne, “Ranka ya daɗe.”

Ta rufe bakinta. Ta ci gaba da riƙe inuwa.

Rana ta wuce tsaka da kaɗan lokacin da jaririyar ta miƙe wuya. Sautin ya fara siriri, ya yi kauri, ya cika fakon har Ungulu ta faɗi ta baya. Ƙasa ta yi ƙara, ta dare tsakanin ƙafafun Tabawa. Da farko ƙura ce ta fito, sannan laka, sannan ruwa mai sanyi, garai garai. 'Yar ta tsoma baki. Sai da ta ƙoshi uwar ta yi ƙoƙarin naɗe fukafukanta, suka ƙi naɗuwa, ta sha a haka.

Gafiya da damo ne suka fara zuwa. Mako guda suna sha ba layi, ba godiya. Sannan majalisa ta iso da kayanta, ta zauna a bakin ruwan, Dila ya miƙe.

“Ranka ya daɗe, yau duniya ta ga hikimar Sarki, wanda ya tura 'yarmu Tabawa wannan wuri domin gwaji. Masu bincike sun gano cewa matsalar tun farko ta wuri ce. Saboda haka an dawo da fada nan. Za a gina ɗakin reno daf da idon ruwan, yadda jarirai masu zuwa ba za su jira a ɗebo musu daga nesa ba. An sa wa ruwan suna Alherin Toro. Tunda kuma nan ya zama fada, ana tunatar da jama'a dokar kuka.”

Aka yi tafi, aka ja layi. Aka naɗa kwamiti da zai jira ƙwan jaririyar nan da shekara talatin, aka ware masa zuma. Da aka aika a kawo uwa da 'ya domin a ba su dabino, sai aka tarar da sawunsu kawai, sun nufi gabas.

Sun yi watanni suna tafiya su biyu. Wata rana suna hutawa a gindin wani dutse, 'yar, wadda ta fara magana, ta ce, “Inna, wancan ruwan da muka baro nawa ne?”

“Naki ne.”

“Ke ina naki?”

Tabawa ta waiwayi hanyar da suka biyo, inda babu kowa.

“Ba ni da shi,” in ji ta. “Tashi ki buɗe fukafukanki. Ki riƙe su har in ce ki sauke. Gara ki saba tun yanzu.”