Jinyar Reshen Ƙarshe

"...lafiya lau, Kaka. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan inda ka bar ta. Mene ne kake ɓoyewa a bayanka kamar ɓarawon kaza?"

Ina baranda ina shanya lokacin da ɗan wana ya hawo benenmu. Nas ne a asibiti, da sunan aikin ma muke kiransa, ƙato mai gemu, da matarsa da 'yarsa, amma in ya zo gaban kakarsa, wato mahaifiyata, sai ka rantse jiya aka yaye shi. Tun yana goye take ce masa Angona, shi kuma yana ce mata tsohuwar da ya rasa inda zai kai.

A ƙofar tsohon gidanmu akwai wani itace da marigayi Baba ya dasa shekarar da suka yi aure. Furensa fari ne, tsakiyarsa rawaya, mu dai Mai-ƙamshi muke ce masa. Da aka zo faɗaɗa titi aka ce sai an sare shi. Ana gobe za a sare, Nas ya je ya yanko rassa shida. Inna ta ce ya ba ta, ya ce hannunta rawa yake yi, shi zai kawo mata daji guda. Mako uku ke nan ba mu ji ɗuriyarsa ba.

"Angona, ina dajin?"

"Yana hanya."

"A ƙafa yake tahowa?"

Sai ya fito da wani bokitin fenti daga bayansa. Reshe ɗaya ne a ciki, ya karkace, laka tana ɗiga a kan tayil ɗin da na goge da safe.

"Shida ka ɗauka."

"Biyar sun riga mu gidan gaskiya."

"Inna lillahi! A asibitin ma haka kuke yi? A kawo maka shida ka sallamo ɗaya, shi ma a kwance?"

"Kaka, kwana ya ƙare. Amma wallahi ba su rasa kulawa ba. Ranar da na yanko su na dasa, tun ruwan jikinsu bai bushe ba. Baƙar ƙasa, taki har wuya. Ban ruwa safe, rana, yamma. Na rufe su da leda saboda iska. Wannan da ya fara laushi ma, na huda gora na rataye masa, ruwa yana ɗiga a hankali."

"Ƙarin ruwa ka yi wa itace?"

"Aikina ne."

"Ke, zo ki ji abin da na aura!" Ta juyo wajena tana tafa hannu. "Garin neman gira ka rasa ido. Wannan itacen ba kifi ba ne. In an yanko reshensa, jefar da shi ake yi a inuwa kwana goma, bakin yankan ya bushe ƙayau. Sannan a soka shi cikin yashi a manta da shi. Kakanka a kan rufin ɗaki ya wurga nasa ya tafi harkarsa."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ka tambaya? Ai cewa ka yi hannuna rawa yake yi. Sai na ce bari in ga abin da hannun da ba ya rawa zai haifa."

"Ashe mugunta ce. Shi ya sa haƙoranki suka gudu suka bar ki, sun gaji da zama da mugun baki."

"Sun yi ritaya da mutuncinsu. Su dai ba su kashe kowa ba."

Dariya nake yi, amma hankalina yana kan reshen. Itacen ya riga ya zama itacen girki a gidan wani. In wannan reshen ya bi 'yan'uwansa, shi ke nan, abin da Baba ya dasa da hannunsa ya ƙare a duniya. Na san Inna ma ta sani, domin tana zazzaga masa amma idonta bai bar bokitin ba.

"Miƙo mini wuƙar kicin," ta ce da ni.

"Tiyata ba lasisi?" in ji Nas. "Gwaggo, ki zama shaida."

"Riƙe mini mara lafiyar ka yi shiru. Yau kai ne mai miƙa almakashi."

Ta zare reshen daga laka. Gindin ya yi baƙi, ya yi taushi, har da wari. Ta yanke kamar tsawon yatsa. Ciki launin ruwan ƙasa ne, ruɓaɓɓe. Ta ƙara gaba ta yanke. Haka dai. Abin da ya rage bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba, hannun Inna kuwa da gaske rawa yake yi. Ba wanda ya ce masa komai, shi da kansa ya sa hannunsa ya tallafe nata, suka danna wuƙar tare.

Fari tas. Sai ga wani farin ruwa kamar madara yana tsattsafowa a bakin yankan.

"Da ransa!" Inna ta saki wuƙar. "Wallahi da ransa! Ka gani ko? Duk ƙoƙarinka bai mutu ba. Taurin kan kakanka gare shi."

"Ai ni na yanka."

"Kai ka riƙe. Da tsohuwar zuma ake magani, yaro."

"Tsohuwar zuma ko tsohuwar zazzaɓi? Bari in naɗe masa bandeji."

"Taɓa shi ka gani! An kwantar da shi a ɗakina, kuma an hana ziyara."

Ta ɗora shi a kan dakalin tagarta, ta inda rana ba ta bugawa. Kwana goma yana nan kamar guntun sanda. Rana ta sha ɗaya ta sa na samo yashi wajen magina, na huda gindin wata tsohuwar tukunya da ƙusa, ta soka shi, ta ba shi ruwa rabin kofi kamar mai ba da bashin dole. Kullum sai Nas ya bugo waya.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Yana gaishe ka, ya ce don Allah kada ka zo."

Ni kam na fara fid da rai, don har mako biyar sanda tana nan sanda. Inna ta ce in bar ta, mai haƙuri yakan dafa dutse. A mako na shida, da hantsi, na ji tana ƙwala mini kira kamar gobara ta tashi. 'Yan ganyaye uku ne suka leƙo a ƙwanƙolin reshen, ƙanana, masu sheƙi. Ban san sa'ad da hawaye ya zubo mini ba.

Nas ko kayan aiki bai tsaya cirewa ba ya iso.

"Kin ga amfanin ƙarin ruwana? Shi yake ci har yanzu."

"Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan kuwa ga ganye ka gani."

"To a raba lada. Ke rabi, ni rabi."

"Rabin biyar ɗin da ka binne zan ba ka. Ɗauki tukunyar."

"In kai ina?"

"Gidanka."

Ya dube ta, ya dube ni. "Ni? Bayan abin da na yi?"

"Shi ya sa. Wanda wuta ta ƙona shi ya san toka da zafi. Ni a bene nake, ba ni da ƙasa. Kai kana da tsakar gida, kana da 'yar da za ta tsinci furen. In ya yi ƙwari ka sauke shi ƙasa inda rana take."

"Sai yaushe zai yi fure?"

"Shekara biyu. Wataƙila uku."

Sai ya kalli farin gashin da ya leƙo ta gefen ɗankwalinta. Muryarsa ta sauka. "To ki jira shi, Kaka."

"Ina za ni? In Allah ya yarda sai na ga furen nan, na soka shi a ɗankwali, na zauna a ƙofar gidanka ina faɗa wa duk mai wucewa yadda ka kusa kashe shi."

Ya yi dariya har ya durƙusa, yana share ido da hannun rigarsa.

"Na sallama, Likita. Ni da kaina zan ajiye miki kujerar."

Ya rungumi tukunyar da hannu biyu ya fara sauka, mataki ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana daga sama riƙe da ƙarfen bene tana ce masa ya yi a hankali.