Kujerun Yaya Ladidi a Kan Rumbu

Allah ya ji ƙan Nomau. Tun da muka rufe shi bara, ba a yin zaman hira a Tungar Marke a tashi ba a ambace shi ba. Mutum ne da magana ba ta lanƙwasa a kunnensa. Yadda ka faɗa haka zai aikata, ba ragi ba ƙari. Su biyu ne a gidansu, shi da yayarsa Ladidi mai waina, wadda ta raine shi bayan shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke mahaifiyarsu. Ladidi ta shekara da shekaru zaune gaban tanda, ta soya ta ɗanɗana, ta soya ta ɗanɗana, har jiki ya yi mata nauyi. Daga ɗaki zuwa bakin murhu sai ta tsaya ta huta.

Wata rana jiri ya kayar da ita, aka ɗora ta a amalanken Barau zuwa asibitin Kwanar Ɗinya. Likita ya auna ta ya ce jininta ya hau, in ba ta rage ƙiba ba, abin da ya sami uwarta yana hanya.

Ladidi ta ce, "Haba likita, ƙiba ai rufin asiri ce."

Likita bai yi dariya ba. Ya dubi Nomau ya ce, "Kai ne ƙaninta? To saurara. Mai da gishiri su yi nesa da ita. Rabin kwanonta ya zama ganye. Kada ka bar ta tana zama. In kaka ta yi, ina so ta dawo mini da ƙafarta."

Nomau ya ce, "To." Ladidi na jin wannan "to" ɗin gabanta ya faɗi, don ta san abinta.

Wata rana da safe, ƙullu ya tashi, masu saye sun jeru da kwanoni, Ladidi ta nemi man gyaɗa da gishiri ta rasa. Ashe Nomau ya kwashe su ya kai gidan Gwaggo Tasalla, can ƙarshen gari bayan rijiya.

"Maza ka ɗauko mini, kai autan Inna!"

"Yaya, in na ɗauko ai sun matso kusa."

Ta aika wa Gwaggo, tsohuwa ta ce amana aka ba ta, mai so ya zo da kansa. Haka Ladidi ta tashi tana dafa bango tana haki. Abin da ta iya ɗaukowa ɗan gwangwani ne, dole ta riƙa ɗiga man kamar mai sa maganin ido. Da yamma Nomau ya mayar da ragowar. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Wata rana kuma ta buɗe kwanon tuwonta, sai ta ga rabinsa cike da ganyen darbejiya.

"Ko akuya ba ta cin wannan sai yunwa ta yi mata yawa! Kashe ni za ka yi?"

"Likita ganye ya ce, bai faɗi suna ba."

Gwaggo Tasalla ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce masa ganyen da mutane ke ci ake nufi, kamar zogale da rama. Kafin azahar babu zogalen da ya rage da ganye a garin, har na dangar liman. Gwaggo ta dafa ta yi kwaɗo. Daga nan Nomau ya sami wani karan dawa, duk sanda Ladidi za ta ci abinci sai ya gitta shi a tsakiyar kwano, nan tuwo nan ganye. Kwanon ciyayya da maƙwabta ke aikowa ma bai tsira ba. Ranar sunan jikar Barau, mata na zaune sun zagaye shinkafa, sai ga Nomau ya yi sallama da karansa. Mata suka watse suna salati, Ladidi ta rufe fuska da mayafi.

Wata rana ta dawo daga ɗebo mai, ta tarar da tsakar gida wayam. Kujerarta ta suya, da ta baƙi, da tabarma, har turmin da take kifewa ta zauna, duk suna can kan rumbu.

"To sallah fa, ɗan nema? A tsaye zan yi tahiya?"

Nomau ya fita a guje, ya dawo yana murna. "Yaya, liman ya ce zaman sallah ba ya hannun likita."

Da ta ga ba sarki sai Allah, ta sa aka ɗaga mata murhu da tubali, ta koma suya a tsaye. Kwanaki suka yi ta tafiya. Mutane suka fara lura zanin da ke kasa haɗuwa a ƙugunta yanzu har yana rara. Ita dai ba ta lura da komai ba sai faɗa.

Wata rana, bayan an yanke gero, ranar komawa asibiti ta zo. Barau ya ɗaura shanu ya tsaya a ƙofar gida. Nomau ya fito ya ce masa ya tafi, ba a bukata. Ladidi ta gama shiri ta fito, sai ta hango amalanke ya sha kwana.

"Wa ya kore shi?"

"Ni ne. Likita ya ce da ƙafarki, bai ce da ƙafar shanu ba."

Ladidi ta koma ciki ta suri muciya. Nomau ya ga ba wasa, ya ranta a na kare, kuma bai nufi ko'ina ba sai wajen likita, don ya zo ya faɗa mata da bakinsa. Ta bi shi. Suka wuce rijiya, suka ratsa gonaki, suka tsallake rafi, tana zagi yana waiwaye. Masu ɗaurin gero suka saki damma suka miƙe tsaye. Wani ya ce, "Wannan ba Ladidi ba ce? Ikon Allah!" Ba wanda ya yi dariya.

Nomau ya faɗa ɗakin likita ya ɓuya bayan kujera. Likita ya dubi matar da ke tsaye a ƙofa da muciya, sai da ya daɗe kafin ya gane ta. Ya bari ta huta, ya auna ta, ya sake aunawa. Jini ya sauka, nauyi ya ragu.

Ya ce, "Mama, me ya kawo ki? Ban ga amalanke ba."

Ladidi ta buɗe baki za ta kai ƙara, sai ta waiga. Ta ga hanyar ta miƙe har inda ido ya gaza, ga kukar Tungar Marke can kamar ɗan tsiro. Muciya ta suɓuce daga hannunta. Ta dubi ƙafafunta ta ce, "Su ne."

Nomau ya leƙo daga bayan kujera. "Likita, yanzu ta zauna?"

Bara, zazzaɓin kwana kaɗan ne ya ɗauke Nomau. Ladidi kuwa tana nan da ƙarfinta, ta haura shekarun da mahaifiyarsu ta yi a duniya. Man gyaɗarta har yau a gidan Gwaggo yake kwana, kullum da safe tana zuwa ɗebowa, mata kuma na bin ta a baya. Ranar zaman makoki masu gaisuwa suka yi yawa, wani ya kawo tsani zai sauko da kujerun kan rumbu. Ladidi ta riƙe tsanin ta ce, "Bar su. Wanda ya ɗora su bai ce a sauke ba."