Ranar da Na Kira Sunan 'Yata ta Fari

Komai tsufan da zan yi, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe a tsakiyar aji a jami'a, gaban matan layinmu, na zubar da kunyar da na yi shekara da shekaru ina tattali.

'Yata ta fari sunan surukata aka sa mata, wato Hajiya, mahaifiyar Malam, da ke Miga. Kun ga kunya biyu ta haɗe mini ke nan: ga 'yar fari, ga sunan uwar miji. Mutanen gida Mami suke ce mata, ni kuwa ko Mamin ba ta fita a bakina (rubutawar nan ma sai da na waiga). "Ke" nake ce mata, in ba ta kusa kuma "waccan". Ranar da ta gama digirin farko mata suka shigo yi mini barka, na ce su je su yi wa masu ita. Haka na ga mahaifiyata tana yi wa babban yayanmu, haka na tashi.

Mami malamar Turanci ce a wata sakandaren 'yan mata a Garki. Aka ba ta hutun ƙaro karatu, ta dawo gida Dutse tana digiri na biyu a kan yadda ake koyar da Turanci ga wanda ba da shi ya tashi ba. Matan aure ta zaɓa ta yi aikinta a kansu, sai ta riƙa tara matan layinmu a zaurenmu duk yammacin Asabar. Ba alli, ba tsawa. Tumatir da albasa take zubawa a faranti ta ce a yi ciniki da Turanci, ko ta jefa lemo, wadda ta cafe ita ce da magana. Ni daga kicin nake saurare ina gyara musu a zuciyata (na gama sakandare fa, kada a raina ni), amma ban taɓa leƙawa ba. In zauna 'yar fari tana koya mini? Haba.

Sai gwajin ƙarshe ya zo. Za ta kai ɗalibanta jami'a ta koyar da su a gaban wata Farfesa da aka gayyato daga kudu. In ta faɗi sai ta maimaita shekara, hutun da aka ba ta kuwa ya ƙare, Garki za ta koma hannu wofi. Ana gobe gwajin ɗaya daga cikin matan ta haihu, ga shi an ƙayyade yawan ɗaliban da za a kawo. Malamin da ke duba aikinta ya ce ta nemo kowace matar aure a unguwar ta cike gurbin.

Ba ta iya tunkarata ba, sai ta turo Lami, ƙanwar Malam, wadda ita ma ɗalibarta ce, kuma ba ta da aiki a duniya sai tsokanata.

"Matar Yaya, a wanke ƙafa, gobe za a sa ki a makaranta. In kin yi ƙoƙari har alewa zan saya miki."

"Lami, ki fita idona in rufe."

Na buɗe baki zan ce Allah ya kiyaye, sai na hango Mami a bakin ƙofa tana murza gefen hijabinta, yadda take yi tun tana ƙarama in tana tsoro. Zuciyata ta karye. Na ce zan je, amma a can baya zan zauna, kuma kada wanda ya kalle ni.

Washegari na yi nafila, na yi mata addu'a (wannan kam a ɓoye ba ta da kunya), na zura hijabi har ƙasa, muka tafi. Farfesa na zaune a gefe da tabarau a kan hanci da biro a hannu, ko "sannu" ba ta ji da Hausa. Dokar ajin kuma ita ce ba Hausa sam.

Wallahi yarinyar nan ta iya. Ina kallo ta ƙasan ido matan da na san ko lambar waya sai an karanta musu suna ta ciniki, Lami har da cewa albasar ta yi tsada. Lemo yana ta yawo, ya je gaba, ya je gefe, amma bai taɓa zuwa wajena ba. Ita tana jin nauyina, ni ina jin nauyinta, muka bar juna lafiya. Na ɗauka na tsira.

Ashe duk Farfesa na lura. Ana dab da tashi ta ɗaga hannu ta ce akwai ɗaliba ɗaya a baya da malama ba ta kula ba tun da aka fara, malamin da yake mantawa da na baya kuwa da sauransa. Na ga fuskar Mami ta sauya. Farfesar nan ta taso da kanta, ta ɗauki lemon ta ajiye mini a cinya, ta ce tambaya mai sauƙi za ta yi mini, mafi sauƙi a duniya.

Ta nuna Mami. Ta ce, mene ne sunan malamarki?

Jama'a, da ta ce in karanta mata jarida daga farko har ƙarshe da ya fi mini. Duk matan ajin sun san abin da ake ciki. Na sunkuyar da kai. Ta maimaita a hankali, yadda ake yi wa wanda ba ya ganewa. Na lalubo dabara na ce mata da Turanci, sunanta irin na mahaifiyar mijina ne. Ta ce madalla, to mene ne sunan mahaifiyar mijin? Na ji Lami ta shaƙe da dariya.

Farfesa ta girgiza kai, ta koma kujerarta, ta cire murfin biro. A ganinta an kawo ɗalibar da ko sunan malamarta ba ta sani ba. Na ɗago ido, karo na farko a ranar, na dubi 'yata sosai. Hannunta na kan gefen hijabi, tana murzawa, tana yi mini murmushin "ba komai, Umma".

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na faɗi sunan. Ba a hankali ba, da ƙarfi, har da na mahaifinta, kamar mai kiran suna a asibiti (ba zan rubuta shi a nan ba, sau ɗaya ya isa). Da na tsaya a nan da da sauƙi. Ina! Turancin da na binne tun ina amarya ya ɓalle. Na ce 'yata ce, ta fari. Na ce tun tana ƙarama take jera kajina a gindin darbejiya tana koya musu karatu. Na ce ba mantawa ta yi da ni ba, kunyata take ji. Na ce duk Jigawa babu malama kamarta. Ina faɗa ina kuka, lemo a hannuna, Turancin yana karyewa ina ɗaurawa.

"Innalillahi!" Lami ta dafe ƙirji, ta manta da dokar aji. "Sunan uwata gatsal! Kuma yabon 'yar fari a bainar jama'a! Yau matar Yaya ta zare!"

Aji ya kece da dariya. Na zauna na ja hijabi na rufe fuska, ina roƙon ƙasa ta tsage. Farfesa ta dubi wannan ta dubi waccan, ta ce me ya faru?

A nan na san karatun yarinyar nan bai tafi a banza ba. Ta share idonta, ta karɓi lemon daga hannuna, ta jefa wa Lami, ta ce, "Gwaggo, yi wa Farfesa bayani. Da Turanci." Lami ta fara, ta maƙale, wata ta karɓe, wata ta ce ba haka ba ne, su a Buji har ɗa na biyu ana jin kunyarsa. Kafin ka ce me, mata suna rige-rigen lemo suna gardama a kan al'adarmu da harshen da bara ko gaisuwa ba sa iyawa da shi. Mami tana tsaye a gefe, sai dai ta miƙa kalma in an rasa. Farfesa ta ajiye biro tana ta tambaya, har ta ce su ma a garinsu matar aure ba ta kiran sunan dangin miji. Lokaci ya wuce ba wanda ya duba agogo.

Mami ta ci gwajin, alhamdulillahi, ci mai kyau. Farfesa ta ce abin da ta zo nema ke nan, ɗalibai su faɗi abin da ke ransu, malama ta ba su hanya.

A cikin a-daidaita muna komawa, Mami ta matso ta ce a hankali, "Umma, ashe kin san sunana."

Na ce, "Ke, gyara zamanki." Amma ban janye hannuna da ta riƙe ba.

Kafin mu isa gida Lami ta riga ta kai labari Miga. Ina cire hijabi waya ta yi ƙara, Hajiya ce. Na durƙusa kamar tana ganina.

"An ce yau an yi shelar sunana a jami'a."

"Hajiya, a gafarce ni. Da Turanci ne."

"Takwarar tawa ta ci?"

"Ta ci, Hajiya."

"To, in akwai wani digirin a gaba, ki koma ki ƙara kira. Ki ɗaga murya, kin san kunnena ya yi nauyi."

Har yau matan layinmu in sun gan ni sai su ce ga ɗalibar Mami, Lami kuwa ta cika alkawarin alewa a gaban mutane. Ni dai na koma "ke" da "waccan", kamar ba abin da ya faru. Abin da na koya shi ne, in kina son ɓuya a aji, kada ki zauna a baya, can ake fara dubawa. Yanzu kuma na ji waccan tana maganar digirin dakta. Ina yi mata addu'a kullum, ina haɗawa da tawa: Allah ya sa kada kowa ta haihu ana gobe gwaji.